Yadda ake gwada bututun mai na ƙarƙashin ƙasa a gidan mai don gano yoyo

Idan lissafin mai ya ƙi cika a gidan mai, yaron da ke riƙe da tiyo ake fara tuhuma. Daga shi sai direban tanka, daga nan a ce mitar famfo ce ta karkace. Bututun da ke kwance ƙarƙashin kankare tsakanin tanki da famfo shi ne na ƙarshe da ake tunawa, don babu mai ganinsa. Alhali 'yar hudar da ke zubar da lita 0.38 a awa ɗaya, wadda ko ɗigo-ɗigo ba za ka kira ta da ƙarfi ba, tana cin lita 9 a kwana, a shekara kuma sama da lita 3,300. Durom 16 ke nan da ɗoriya. Wannan adadi na 0.38 ba ni na ƙago shi ba, shi ne ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa: duk na'urar gwajin layi dole ta iya kama yoyo mai wannan ƙanƙanta, kuma masu ƙera kayan gwajin da muke saye a kansa suke gini.

A Yamai asarar ba ta tsaya a aljihun mai gidan mai ba. Unguwannin da ke bakin kogi irin su Saga, Gamkale da Lamorde, da waɗanda ke gefen kwarin Gunti Yena, ruwan ƙasarsu ba shi da nisa, kuma har yau akwai gidaje da masu lambu da ke ɗiban ruwan rijiya. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha. Dokar muhalli ta Nijar ta 1998 kuwa ta tsaya a kan cewa wanda ya gurɓata shi ne zai biya.

Abin da zan bayyana a nan gwajin layin gidan mai ne da ƙananan ma'ajiyoyi na kamfanoni da masu manyan janareto. Dogon bututun ɗanyen mai da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wani aiki ne daban da kayansa daban.

Fara da sanin irin layin da ke gabanka

Layin mai iri biyu ne, kuma yoyon kowanne da halinsa.

Na farko shi ne layin tsotso. Injin yana cikin famfon da ke sama, shi ke jawo mai daga tanki. Mafi yawan tsofaffin gidajen mai haka suke. Idan irin wannan layi ya huje, yakan tona asirin kansa: da safe famfo ya yi ta ƙugi kafin mai ya fito, tiyo ya riƙa fizga, man ya zo da kumfa, saboda layin yana shaƙar iska. Idan an shimfiɗa shi da gangara zuwa tanki, kuma bawul mai hana mai komawa guda ɗaya ne, a ƙasan famfo, to da an kashe inji man da ke ciki zai koma tanki, kaɗan ne zai shiga ƙasa. Amma idan bawul ɗin a can ƙasa yake wajen tanki, layin na kwana cike da mai, yana tsiyaya dare da rana.

Na biyu layin turi ne. Injin yana nutse cikin tanki, yana turo mai da matsi wajen bar 2 ko sama kaɗan (bar ma'aunin matsi ne, bar 1 kusan matsin iskar duniya ne). Wannan shi ne mai haɗari, domin ko ya huje mai zai ci gaba da fita daga tiyo lafiya lau, mai saye bai ga komai ba, ƙasa kuwa tana sha. Shi ya sa ake ɗaura masa na'urar kama yoyo a kan injin, wadda ke rage gudun mai idan ta ji babban yoyo, wajen lita 11 a awa. Abin da ya gaza haka yana wuce ta.

Sai ka san da me aka yi bututun. Na ƙarfe mai ruwan tutiya yana ruɓewa ne a wurin zare da gwiwa, inda aka yanke rufinsa lokacin ɗauri. Na roba, wato foliyetilin irin na UPP, KPS ko Nupi, ba ya tsatsa, amma yana da wani hali da ke ruɗa mai gwaji: idan ka matsa shi yakan ɗan buɗe a hankali, matsi ya sauka ba tare da ko ɗigo ya fita ba. Akwai kuma mai bango biyu, bututu cikin bututu.

Ka nemi zanen ginin wurin idan yana nan. Galibi ba ya nan. To sai ka zana naka: tanki nawa, wane layi ke zuwa wane famfo, tsawon kowanne, ina layin sauke mai daga tanka, ina bututun numfashin tanki. Tsawon yana da amfani, don bututu mai faɗin milimita 50 a ciki yana ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita. Layin mita 30 ke nan yana riƙe da lita 60.

Da me za a matsa layin

Nan ne ake rasa rai, saboda haka a karanta da kyau.

Bututun da bai taɓa ganin mai ba, sabo fil, ana iya matsa shi da iskar kwamfaresa. Bututun da mai ya taɓa bi ta cikinsa ko sau ɗaya, ba a hura masa iska, ko an tsiyaye shi, ko ya yi wata a rufe. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iska, kuma kwamfaresa iskar da ta rage masa take kai masa, da zafi, da matsi. Tsohon layi da abu biyu kawai ake gwada shi: man da ke cikinsa, ko iskar naitirojin, wadda masu sayar da gas a Yamai suka fi sani da azot.

Tukunyar azot tana zuwa da matsi har bar 200, ba a haɗa ta da layi sai ta regileta, wato na'urar rage matsi, kuma a bayan regileta a sa bawul mai sakin iska da kansa idan matsi ya wuce kima. A ƙa'idar Turai kafaɗar tukunyar azot baƙa ce, ta oksijin fara, amma tukwanen da ke yawo a gari an sha yi musu fenti, don haka ka karanta rubutun jiki kuma ka saya a wurin da ka sani. Kada wani ya ce maka ga tukunyar mai walda nan kusa, a ara. Oksijin ne a ciki, idan ya haɗu da mai a cikin bututu ko ashana ba ya buƙata. Idan azot bai samu ba a ɗaga aikin, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Azot ba ya kamawa, amma yana kashewa ta wata hanya. Ba shi da wari, idan ya taru a ramin kan tanki yakan kori oksijin, mutum ya sunkuya ya duba mahaɗa ya faɗi ba ko kuka. Tururin fetur ma ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, a rami yake kwanciya. Mutanen Yamai ba su manta da daren watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu. Tururi ne ke kamawa, kuma yana tafiya nesa da inda man yake. Saboda haka kafin kowa ya shiga rami a sa na'urar auna gas: oksijin kada ya gaza kashi 19.5, tururin mai kuma kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na mafi ƙanƙantar matakin da yake kamawa. Mutum ɗaya a ciki, ɗaya a sama yana kallonsa.

Sauran shiri sananne ne: a rufe gidan mai da igiya ko shinge, a kashe wutar injuna daga akwatin lantarki a sa kwaɗo, mabuɗin a aljihunka. Tukwanen kashe gobara biyu a kusa. A gaya wa mai shayi da mai tsire da ke jikin katanga su kashe garwashi. Lambar masu kashe gobara 18 ce.

Kayan aiki

Agogon matsi biyu, ba ɗaya ba, don ɗaya ya zama shaidar ɗaya. Ka zaɓi wanda matsin gwajinka zai faɗa a tsakiyar fuskarsa: idan bar 3.5 za ka kai, agogon da ya tsaya a bar 6 ya dace. Agogon bar 25 ba zai nuna maka komai ba, allurar za ta yi kamar an kafe ta alhali layi na zuba. Idan ka samu na lantarki mai nuna 0.01, ya fi. Ka tabbata an daidaita su cikin shekarar.

Sai ma'aunin zafi, toshiyoyin ƙarfe masu zare daidai da bakin bututun, ruwan sabulu da buroshi, ɗan madubi, tocilar da aka yi don wurin mai, tamfol ko zana na yin inuwa, littafi da biro. Don gwaji da mai kuma akwai famfon hannu mai kwalba mai zane-zanen mililita, da wayar da za ta haɗa kayanka da ƙasa don kada tartsatsi ya tashi.

Kafin ka taɓa layi, ka gwada kayanka su kaɗai. Toshe bakin tiyon gwajin, matsa shi, ka jira minti 10. Sau da yawa yoyon da ake fasa kankare a nema yana jikin tiyon mai gwaji.

Raba layi da tanki

Tankin ƙarƙashin ƙasa ba a yi shi don matsi ba. Iyakar abin da ake gwada shi da shi bar 0.35 ne. Idan bar 3.5 na gwajin layi ya sulale ya shiga tanki mai faɗin mita 2.5, murfin gefensa zai ɗauki nauyin da ya kai tan 175. Zai tsage, ko ya fita gaba ɗaya.

Don haka idan da iska ko azot za ka yi aiki, rufe bawul bai isa ba. Kwance mahaɗar da ke kan tanki, ka toshe bakin layin da toshiyar ƙarfe, ka toshe bakin tankin shi ma, ka kuma tabbata bututun numfashin tankin a buɗe yake. A ɓangaren famfo ma haka: a raba layi da famfo, domin mita da tiyo da matatar iska ba za su ɗauki gwajin ba, kuma za su ba ka yoyon ƙarya. Kowane layi shi kaɗai ake gwadawa. Wanda ya haɗa layi huɗu ya matsa lokaci ɗaya don ya gama da wuri, idan allura ta sauka sai ya sake komawa farko.

Iskar da aka matsa tana da ƙarfin harbi. Kada kowa ya tsaya daidai saitin toshiya, kuma ba a ƙara ɗaure mahaɗa da matsi a ciki. A sauke tukuna.

Sabon layi, kafin a binne

Wannan ne gwaji mafi arha kuma mafi gaskiya, don kowace mahaɗa tana gaban idonka. Kada ka yarda a zuba ko shebur ɗaya na yashi a kan mahaɗa kafin a yi shi.

Idan bututun roba ne da ake haɗawa da narkewar lantarki, ka jira kowace mahaɗa ta huce iyakar lokacin da aka rubuta a jikinta, a zafinmu ma ka ƙara. Ka tambayi mai haɗin ko an ɗauke wuta ko janareto ya yi tangal-tangal yana tsakiyar wata mahaɗa. Idan haka ta faru a yanke ta a sa sabuwa, ko da ta yi kyau a ido. Irin wannan mahaɗa takan ci gwajin yau ta buɗe bayan an zuba kankare.

Ka hura iska mataki-mataki. Fara da bar 0.5 ka tsaya, ka zagaya kana saurare. Babban yoyo da kunne ake jinsa. Idan shiru, ka haura zuwa matsin gwaji. Ga layin turi abin da aka saba shi ne bar 3.5, sai dai idan takardar mai ƙera bututun ta faɗi wani abu, to ita za ka bi. Da ka kai, rufe bawul ka cire tiyon kwamfaresa ɗungurungum, don kada ya riƙa ciko a ɓoye.

Yanzu kada ka fara ƙirga. Iskar kwamfaresa da zafi take shiga, tana hucewa matsi na sauka. Bututun roba kuma yana buɗewa. Ka ba shi aƙalla rabin awa ya natsu, ka mayar da matsin inda yake, sannan ka rubuta lokaci, matsi da zafi. Daga nan awa ɗaya, kana rubutawa kowane minti 10.

A cikin awar nan ne ake shafa sabulu. Aikin mai faci ne da tub a cikin ruwa, sai dai a nan ruwan kake kai wa bututu. Kowace mahaɗa, kowace gwiwa, kowane zare, ka jiƙe shi har ƙasa, ka sa madubi ka ga cikinsa, don yoyo ya fi son ɓuya a gefen da ke kallon ƙasa. Babbar huda takan busa ƙwai manya su fashe nan take. Ƙarama ba ta yin haka. Za ka ga wani farin kumfa mai laushi yana taruwa a gefen zare, ƙanana-ƙanana, sai bayan minti biyu ko uku ya yi tudu. Wanda ya shafa ya wuce ba zai gan shi ba. A lokacin hunturu da bazara sabulu na bushewa kafin kumfan ya taru, sai ka sake jiƙawa ka tsuguna ka jira.

Mai bango biyu, na ciki ake fara matsawa, da agogo a kan sararin da ke tsakanin bangon biyu. Idan wannan agogon ya motsa sama, na ciki na zuba. Sannan a gwada na waje da ɗan matsi kaɗan yadda mai ƙera shi ya ce, don bai kai na ciki ƙarfi ba.

Idan layi ya ci, kada ka sauke iskar duka. Rage ta zuwa wajen bar 0.7, agogo na ɗaure, har a gama cike rami da yashi mai tsabta marar tsakuwa, a daddaɓe, a zuba kankare. Magina suna kafa turakun ƙarfe don ɗaure katako, kuma turke ba ya tambayar abin da ke ƙasa. Idan allura ta faɗi ranar da aka kafa turaku, ka san inda za ka tona. Bayan kankare ya bushe a sake cikakken gwaji kafin mai ya shiga.

Rana ce babbar mai ruɗi

 A Yamai watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, baƙin bututu a rami kuwa ya fi haka nesa. A watan Janairu tsakanin asuba da azahar bambancin yakan kai digiri 15.

Ga lissafin. Iska a rufe matsinta na bin zafi. Agogo na nuna bar 3.5, ka ƙara bar 1 na iskar duniya, ya zama 4.5. Zafin digiri 40 a ma'aunin Kelbin, inda ake ƙara 273, 313 ne. Kowane digiri ɗaya ke nan yana motsa allura da 4.5 a raba da 313, wajen bar 0.014. Idan ka fara gwaji da la'asar bututu ya huce da digiri 10 kafin magariba, allura za ta sauka da bar 0.14 a layin da ba shi da ko huda ɗaya. Wannan ɓata lokaci ne kawai. Mai haɗarin shi ne kishiyarsa: ka fara da hantsi, rana na hawa, zafi na tura allura sama, yoyo na janta ƙasa, su biyun su yi canjaras, allura ta tsaya cak. Ka sa hannu a takarda ka ce layi lafiya.

Shi ya sa ni a ganina gwajin buɗaɗɗen rami a nan lokacinsa daga asuba ne zuwa fitowar rana, sa'ad da zafi ya fi zama wuri ɗaya. Idan dole sai da rana, a rufe bututun da zana ko tamfol, a manna ma'aunin zafi a jikinsa, ba a rataye shi a iska ba. Kuma allurar da ta hau ba labari mai daɗi ba ne. Tana gaya maka gwajin bai inganta ba, a sake.

Da mai a cikin layi abin ya fi tsanani, don ruwa ba ya matsuwa. Fetur na ƙaruwa da kusan lita 1 a kowace lita 1,000 idan zafi ya hau digiri ɗaya, gazwal, wato dizal, ƙasa da haka kaɗan. A layinmu na lita 60, digiri ɗaya wajen mililita 60 ne, kuma a bututun ƙarfe da ke cike taf wannan ya isa ya motsa allura da bar da yawa. Tankar da ta taso daga matatar SORAZ a Damagaram ta yi kusan kilomita 900 a rana, man da ta sauke da ɗuminsa yake shiga. Ranar da aka sauke mai ba ranar gwaji ba ce. A rufe sayarwa da dare, man da ke layi ya kwana ya daidaita da zafin ƙasa, a gwada da asuba. Manaja zai ce maka, "Malam, a taimaka, motoci na layi, ba za a yi shi yanzu a gama ba?" Amsar ita ce, "Alhaji, za a iya, amma takardar da zan ba ka ba ta da amfani."

Tsohon layi, da man da ke cikinsa

Wannan hanya ta fi ta azot kama ƙaramin yoyo, domin ba saukar allura kawai kake kallo ba, kana auna yawan man da ya ɓace.

Tun da yamma kafin a rufe, a zuba mai daga famfon da ya fi nisa da tanki don a kori iskar da ta maƙale a layi. Da asuba a kashe wuta a sa kwaɗo. A kan tanki a rufe bawul ɗin layi, a cire na'urar kama yoyo a toshe gurbinta, ko a keɓe ta yadda mai ƙera injin ya tsara. A ƙarƙashin kowane famfo akwai bawul na gaggawa mai rufe kansa idan mota ta bugi famfo, a rufe su duka. A jikinsa akwai 'yar toshiyar gwaji. Ka sauke matsin layi tukuna, ka kwance ta a hankali da tsumma da bokitin ƙarfe a ƙasa, ka ɗaura tiyon famfon hannunka a wurin.

Matsin gwaji shi ne ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. Injin da ke ba da bar 2, a gwada a bar 3. Ka haura a hankali, ka ba layin ƙarfe rabin awa ya natsu, na roba awa ɗaya ko fiye, kana ciko idan ya sauka. Sannan ka fara awo: kowane minti 15 ka mayar da allura daidai bar 3, ka duba kwalba ka rubuta mililita nawa ka ƙara.

Karatun jerin lambobin nan shi ne gwanintar aikin. A ce ka samu 40, sai 22, sai 11, sai 4. Wannan layi natsuwa yake yi, ko zafi ne ko roba ce ke buɗewa, kuma yana tafiya zuwa sifili. Ka ƙara zagaye biyu ka tabbatar. A ce kuma ka samu 40, 38, 41, 39. Wannan ba ya raguwa, wani wuri mai na fita da gudu ɗaya. Huda ba ta gajiya. Idan kuma kwalba ce ke ƙaruwa, wato sai ka rage mai don allura ta zauna, man na ɗumama ne, kuma zai iya rufe yoyo, sai a jira.

Lita 0.38 a awa daidai take da mililita 95 a minti 15. Kada a fahimce ta a matsayin yoyon da aka halatta. Ita ce ƙanƙantar abin da dole na'ura ta gani, don haka masu ƙera na'urori suke sa iyakar faɗuwa a rabin wannan ko ƙasa da haka sosai. Iyakar da ke takardar na'urarka ita ce hukunci.

A ƙarshe ka sauke matsin zuwa sifili ta cikin kwalba ka auna abin da ya dawo. Layin ƙarfe da ke cike kaɗan yake mayarwa. Idan ya dawo da yawa, akwai iska a maƙale, kuma iska na yin katifa ta ɓoye yoyo. A kore ta a sake gwajin daga farko.

Layin tsotso, layin sauke mai da bututun numfashi sun fi sauƙi da azot. A buɗe bawul mai hana komawa man ya gangara tanki, a raba, a toshe, a matsa zuwa bar 0.7 ko 1, a bari ya natsu, a kalla rabin awa zuwa awa. Allura ba ta da izinin sauka. Wajen sakin azot ɗin, ka tuna ya kwaso tururin mai, a fitar da shi ta tiyo zuwa sama a fili.

Idan layi ya faɗi

Kada a kira masu fasa kankare tukuna. Ka sake duba kayanka da toshiyoyinka da sabulu. Sannan ka tuhumi bawul ɗin kan tanki: idan ba ya rufewa sosai, man gwajin komawa tanki yake yi, ba ƙasa ba. Hanyar rabewa ita ce a kwance layin daga tanki a toshe shi da ƙarfe a sake. Bayan haka ka duba abin da ido ke iya kaiwa, ƙarƙashin famfo da ramin kan tanki, don yoyo ya fi yawa a ƙarshen layi inda mahaɗu suka taru kuma ƙasa ke motsi da nauyin motoci. Ƙasa mai duhu, wari, ko ruwan rami mai kyalli a sama duk shaida ne.

Idan bai fito ba, a raba layin gida-gida daga famfo zuwa famfo a gwada kowane yanki. Yankin da ya faɗi a tsiyaye shi, a cika shi da iskar bin sawu, ko hiliyom ko cakuɗen azot kashi 95 da haidirojin kashi 5. Waɗannan suna ratsa ƙasa su fito sama, sai a bi layin da na'urar shinshina ta tsagar kankare da ƙananan ramukan da aka huda a gefen layi, ba a kansa ba. Inda ta fi ƙara nan za a fasa. Fasa mita ɗaya ya fi fasa talatin.

Layin da ya faɗi ba ya komawa aiki, ko na kwana ɗaya. Ba a naɗe shi da roba, ba a shafa masa gam, ba a kai masa wutar walda. A yanke yankin a sauya. Tsohon ƙarfe da ya ruɓe a gwiwa ɗaya, ka duba sauran, shekarunsu ɗaya a ƙasa ɗaya, sau da yawa sauya layin gaba ɗaya ya fi araha. Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta a ajiye kan tamfol a rufe, kada a mayar da ita rami kuma kada a zubar a kwari, a sanar da hukumomin man fetur da na muhalli, a kuma duba rijiyoyin maƙwabta.

Bayan gyara dukan layin ake sake gwadawa, ba wurin gyaran kaɗai ba. Sannan a mayar da komai: a cire toshiyoyi ana ƙirga su da adadin da aka sa, a ɗaura na'urar kama yoyo a gwada ta ta hanyar sakin ɗan mai cikin bokiti a ga ko za ta rage gudu, a buɗe bawuloli, a kunna inji ana kallon kowace mahaɗar da aka taɓa.

Takardar gwajin ta ƙunshi rana, lokaci, sunan layi, tsawonsa, irin bututu, abin da aka matsa da shi, lambar agogo, da kowane karatu da zafinsa, ba kalmar "ya ci" kaɗai ba. A Amurka layin turi duk shekara ake gwada shi, na tsotso duk shekara 3, kuma wannan tazara ce mai kyau a bi. A Yamai zan ƙara lokaci biyu: bayan daminar da ruwa ya kwanta a filin gidan mai, kamar yadda aka gani a 2020 da 2024, don ƙasar da ta jiƙe tana zama ta ja mahaɗu, da kuma duk lokacin da awon man tanki da sanda da ake yi kullum ya nuna gibi a tanki ɗaya kwanaki a jere.